Matatar Ruwan Hajja Fatahiyya

Hajja Fatahiyya ta dawo garin Mut bayan kwana uku a asibiti, ta tarar babu matatar ruwanta. Sai bututu biyu a gefen rijiya, an haɗa su da guntun roba. Ɗanta ne ya aiko da injin daga Kuwait, saboda ƙarfe ya yi wa ruwan unguwar yawa: yakan fito garau, ya ɗan jima ya koma ja, ya ɓata tufafi, ya mai da shayi baƙi kamar tawada.

Sufeto Ragab ya iso bayan la'asar, gwiwarsa na ciwo, saura wata huɗu ya ajiye aiki. Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya duba bututun, an kwance su da sifana, ba a yanke ba.

Ya fara da Shahata mai gyaran famfo, wanda ya ɗaura injin. Shahata ya ce tun Litinin yana haƙa rijiya a wata gona, tare da mutum shida. Sufeto ya buga waya, aka tabbatar. Surukin Hajja kuwa, wanda shi ma yake shiga gidan, yana birnin Asyut, hannunsa ma a ɗaure da karaya.

Saura maƙwabciya, Umm Wala, wadda aka bar wa mabuɗi don ta kula da awaki. Ta ce da safen nan ta shiga, ta cika musu kwano daga famfo, injin kuma yana nan yana ƙara. Wataƙila, in ji ta, ɓarawon ta katanga ya hauro da rana.

Sufeto ya durƙusa da ƙyar gaban kwanon. Ya sa yatsa, ya ɗago shi da jar laka.

"Daga wannan famfon kika cika?"

"Daga shi, ranka ya daɗe."

"Ruwan da ya bi ta matata ba ya yin ja, Umm Wala. Wannan kai tsaye daga rijiya ya fito. Kuma lakar da ta kwanta haka ba ta yini ɗaya ba ce. Tun shekaranjiya babu injin nan, kina shiga kina fita, ba ki gaya wa kowa ba."

Ba ta yi musu ba. Ta wuce gaba, Sufeto da Hajja suka bi ta zuwa gidanta. Injin yana bayan ɗaki, ƙanenta ya ɗaura mata shi. A kan igiya ga fararen zannuwa shanye, kayan ɗakin 'yarta, ga wasu jiƙe a bahon wanki. Ta ce shekara ashirin tana dirzar jan tabo har fatar hannunta ta tsage. Niyyarta ta mayar kafin Hajja ta dawo, sai aka sallame ta da wuri.

"Da kin roƙa, 'yar nan, hana ki zan yi?" in ji Hajja.

"Na roƙa bara, Hajja. Kika ce injin ba ya son wahala."

Sufeto ya ciro takarda, ya tambayi Hajja ko za ta shigar da ƙara. Ta dubi bahon, ta dubi hannuwan matar.

"Mayar da takardarka, ɗana. Ta gama wankin tukuna. Gobe a kira Shahata ya maida min abina, ya ja bututu ɗaya ta katanga zuwa gidanta. Amma mabuɗina, ki ba ni yanzu."