Fuskar da ke Bayan Motar Kazeem

Ranar da Ummukulsum ta fara ganin Haladu mai fentin motoci a bakin tashar Funtua, zaginsa ta yi, don ya ɗiga mata fenti a takalmi. Bai ba ta haƙuri ba. Kallonta kawai ya yi ta yi har ta juya.

Ba a jima ba labari ya iso garinsu Bakori cewa an ga fuskarta a bayan babbar motar Kazeem mai ɗaukar masara, tana yawo har Legas. Ranar kasuwa motar ta tsaya, nan take gari ya cika da masana zane. Wasu suka ce ɗaurarriyar fuskar girman kai ne, ai an san 'yar Alhaji Maitama. Murtala, wanda ya daɗe yana zarya a ƙofar gidansu, ya ce mayafin da ya yi mata yawa habaici ne, wai aro take yi. Alhaji kuwa ya ce an yi tallan 'yarsa kamar takin zamani.

Ita ma ta je da niyyar tofa yawu, sai ta tsaya ta kasa motsi. Mayafin na marigayiya mahaifiyarta ne, shi ya sa ya yi mata yawa. Leɓen ƙasa a cije yake, gefen ido ya yi ja. Tun rasuwar ake yaba mata dauriya a gida. Ba wanda ya lura kuka take haɗiyewa sai wani ɗan tasha da ta zaga.

Kazeem ya tabbatar mata aikin Haladu ne, ta karɓi lambarsa ta tura saƙo: "Marar kunya, wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa, Hajiyata. Na ga ana tsoron fuskar nan, ni kuma tausayinta ya hana ni sakat."

"Ba na son tausayi."

"To me kike so?"

Ba ta dai goge lambar ba.

Da manyan Haladu suka zo neman aurenta, Alhaji ya shanya su a rana, sannan ya kafa sharaɗi: Haladu ya shafe zanen da hannunsa a tsakiyar kasuwa. Ya zaci ba zai iya ba. Haladu ya ɗauko baƙin fenti ya rufe aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa, Murtala na gefe yana dariya.

Da yamma ta tare Haladu a zaure. "Ka shafe min Innata."

"Hannun da ya zana yana nan, Ummuna," in ji shi.

An ɗaura auren bayan girbi, Alhaji na cin magani. Allah ya ba su zaman lafiya, ya kuma ja kwananta. Mazan da suka iya kallon mace ba su da yawa. Mafi yawa sai ta tafi suke koya.