Jan Mayafi a Kan Dutsen Shamuwa

"Malam, ka wuce kwanar fa. Hanyar Gammo ta hannun dama take."

"Na sani."

"To ina za ka kai ni?"

Mahbub sai ma ya ƙara taka feda yana 'yar dariyar nan tasa ta marasa gaskiya. Zinnira na zaune a kariyar keken, hannu ɗaya riƙe da gefen rigarsa, ɗayan dafe da ƙullin tsarabar mahaifinta. Sabulu ne da ganyen shayi da ɗan sukari, iyakar ƙoƙarin malamin firamare ke nan a shekarun da albashi sai ya ga dama yake zuwa.

Yau ce ranar ganin gidanta. Tun da aka kawo ta Gwarzo daga ƙauyensu Gammo tana amarya, kafin faɗuwar damina, ba ta taka ko ƙofar gida ba. An riga an aika wa mahaifinta, Baffa Hammadu, cewa Asabar ɗin nan da hantsi suna tafe.

"Kin tuna abin da kika ce min lokacin ina zuwa zance?" in ji Mahbub. "Kin ce tun kina ƙarama kike hangen Dutsen Shamuwa daga ƙofar gidanku, amma ba ki taɓa hawa ba."

"Wannan ai maganar yarinta ce."

"Ni kuwa alkawari na ɗauke ta."

"Baffa yana jira, Malam..."

"Leƙawa kawai za mu yi, Zinnina. Kafin azahar muna durƙushe a gabansa. In muka bar yau, sai yaushe? Kin ga yadda gari ya koma tun da aka fara Shari'a. Ko a bayan mijinta mace ta zauna sai an raka ta da ido. Yau ne kaɗai muke da hujjar fita."

Da baki dai ta ce a'a, ta sake cewa a'a. Amma maganar gaskiya, zuciyarta ta riga keken isa gindin dutsen.

Keken ma na Baffa ne. Bayan biki, da ya ga mai ya yi wuya kuma kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, shi ya turo shi har gaban surukinsa. Ya ce, "Ni gwiwa ta hana ni takawa. Ka riƙa kawo min yarinyar nan a kansa." Yarinyar nan yake ce mata. Ita ce 'yarsa ta fari, shi kuma mutumin da ne, jikan makiyaya, mai tsananin kara. Ko bayan rasuwar mahaifiyarta, da ya zame mata uwa da uba, bakinsa bai taɓa furta sunanta ba.

Suka jingine keken a gindin wata kanya, suka tuɓe takalma. Dutsen ya sha rana, da ɗumi a tafin ƙafa. Tun ba a je ko'ina ba Mahbub ya fara haki, ita kuwa sai tsallake duwatsu take kamar 'yar akuya.

"Haba ɗan birni, kai da ka kawo ni?"

"Ki dai jira ni, alli na saba riƙewa ba dutse ba."

"Kawo hannunka, kar ka ja min zawarci tun lalle bai goge ba."

Ya miƙo, ta ja shi suna dariya. Suka ratsa ta tsakanin wasu manyan duwatsu biyu inda sai an karkace, suka wuce wani ɗan kwarmi da ruwan sama ya taru a ciki, ƙadangaru na ta gudu a gabansu. Da suka ɓulla can ƙoli, iska ta buge su, Zinnira ta tsaya cak.

Ba ta taɓa sanin duniya na da faɗi haka ba. Gero da dawa kore shar har iyakar gani, rafin da ya raba dutsen da ƙauyensu yana ta ƙyalli a tsakiyar gonaki. Watanni tana kallon katanga huɗu da murhu, yau ga sama duka tata. Ta zare jan mayafinta, wanda Baffa ya sayo mata da kansa a kasuwar Kabo, ta ɗaga shi da hannu biyu iska na kaɗa shi, tana dariya har da ƙwalla.

A nan ne idonta ya faɗa kan kukar ƙofar gidansu. Hayaƙi na tashi daga tsakar gida, alamar an ɗora tukunya. A gindin kukar kuma ga wani ɗan farin ɗigo, a zaune, ba ya motsi.

Ta san farar rigar. Ta sallah ce.

"Me kike hange haka?" Mahbub ya tambaya.

"Ba komai."

Ta juya wa ƙauyen baya, ta zauna kusa da mijinta. Ya kwance dafaffiyar gyaɗar da ya ɓoye a aljihu, yana ɓarewa yana zuba mata a tafi. Suka yi hirar ɗakin da za su ƙara, da sunan da za su sa wa ɗansu na fari. Duk sanda ta ce a ranta yanzu za ta miƙe, sai ya faɗi wani abu mai daɗi, ta ce bari dai ya ƙarasa. Suka yi alwala da ruwan kwarmi, suka yi azahar a kan dutsen. Ba ta ƙara waiwayawa ba, don ta san abin da za ta gani.

Hadarin daga gabas ya taso, baƙi ƙirin. Kafin su kai rabin gangara ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Suka raɓe a ƙarƙashin wani dutse har bayan la'asar, ruwa bai da niyyar ɗaukewa.

"Rafin nan ya cika yanzu," in ji Mahbub. "Ba zan saka ki a ciki ba. Mu koma gida, ma je wani satin."

Ta gyaɗa kai. Abin da ya fi damunta daga baya shi ne, a lokacin har wani sauƙi ta ji, don ba ta san da idon da za ta kalli Baffa ba, jiƙe sharkaf, tsaraba ta narke a hannu. Washegari ita da kanta ta tsara saƙon da aka ba wata mai tallar nono ta kai: tayar keke ce ta fashe tun a bakin gari, ruwa kuma ya tare su.

Ran Laraba mai nonon ta dawo da amsa. Baffa na kwance, ƙirji ya kama shi.

A wannan karon Mahbub bai wuce kwanar Gammo ba. Kai tsaye ya kai ta har ƙofar gidansu.

Ta sami Baffa a kan gadon kara, an lulluɓe shi da bargo, ya faɗa ƙwarai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da wata murya a dishe wadda da ƙyar take fita.

"Yarinyar nan, kin zo? Ya gidan? Ya mutanen Gwarzo?"

"Lafiya lau, Baffa. Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Baffa... ranar nan... taya ce ta fashe mana."

Ya ɗan dube ta, sannan ya mayar da idonsa rufin ɗaki.

"Allah ya kyauta. Ai ƙarfe ba shi da tabbas."

Shi ke nan abin da ya ce. Ta tashi ta fito tsakar gida.

Gwaggo Marka, ƙanwar Baffa da ke riƙe da gidan, tana bakin murhu tana dama masa kunu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Zauna nan, 'yar gidan taya."

Zinnira ta zauna.

"Zabinsa biyun nan da suka rage, su ya sa aka yanka. Ya gayyato maƙwabta, ya sa rigar sallah, ya zauna a gindin kuka tun hantsi. Rana na take tsaka sai na ga ya miƙe, ya ce da mutane su yi haƙuri, tsufa ne, shi ya rikita ranar, ashe Asabar ta sama ce. Ya sa aka raba abincin, kowa ya watse yana yi masa dariya."

"Gwaggo..."

"Ban gama ba. Da na tsare shi a ɗaki, sai ya ce min kina kan dutse da jan mayafinki. Ya ce idon da ya yi kiwo ba ya ɓata abin da ya sayo da hannunsa. Gara a ce ya rikice, da a ce amarya ta bar ubanta zaune ta tafi hawan dutse. Kin dai san bakin mutane a zamanin nan."

Hawaye suka fara zubo wa Zinnira. Gwaggo ta ci gaba da juya kunu.

"Da hadari ya haɗo, ya ɗauki sandarsa da malafa. Na ce ina za ka da wannan gwiwar? Ya ce ya san ki, kunya za ta sa ku faɗa wa rafin nan don ku iso, shi kuwa rafin in ya kawo ko saniya ɗauka yake. Zai je ya tsaya a gaɓa ya hana ku ƙetarowa."

"Amma ai... ba mu zo ba."

"Ba ku zo ba. Shi kuwa yana nan tsaye a cikin ruwa har magariba, sai da maza suka je suka ɗauko shi." Sai yanzu Gwaggo ta ɗago ta dube ta. "Kin san abin da ya dishe masa murya? Sunanki. Mutumin da tun da aka haife ki bai taɓa kiran sa ba, ranar har cikin gari ana jiyo shi."

Zinnira ba ta san sanda ta miƙe ba. A zaure ta sami Mahbub zaune kusa da keken, ya haɗa kai da gwiwa. Ashe duk ya ji.

"Kai ka ja min! Na ce maka yana jira, na faɗa maka!"

"Ni ne, Zinnina. Wallahi ni ne." Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Keken da ya ba ni in kawo masa ke, da shi na kauce da ke. Bari in shiga in faɗa masa da bakina, duk abin da ya yanke na ɗauka."

Ya yunƙura, ta riƙe hannun rigarsa. Da ya yi musu, da ta sami abin da za ta ci gaba da jin haushi. Amma ya karɓi laifin gaba ɗaya, ita kuwa ta san ba nasa ba ne duka.

"Tsaya, Malam. Kai ba ka gan shi ba," in ji ta. "Ni na gan shi. Lokacin da ka tambaye ni me nake hange... shi ne. Na juya masa baya na ci gyaɗa."

Mahbub ya matso kusa da ita. Sannan ya sa gefen hannun rigarsa ya share mata fuska.

"To mu shiga tare. Ni ina bakin ƙofa."

Ta sake durƙusawa a gaban gadon, ta sunkuyar da kai har goshinta na taɓa bargon.

"Baffa, taya ba ta fashe ba."

"Na sani. Sababbin tayoyi na sa wa keken kafin in ba shi."

"Dutse muka hau. Kuma na hango ka, Baffa. Na ga farar rigarka a gindin kuka, na san kai ne, na ƙi saukowa. Ka yafe min... don Allah ka yafe min."

Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa sannan ya yi magana.

"Ni ma na gan ki. Kina ta kaɗa mayafi kamar mai korar tsuntsaye a gona." Ya ɗan murmusa. "Rabon da in ga kin yi irin wannan murnar tun mahaifiyarki na da rai. Zama na yi ina kallo, ban ji haushi ba ko kaɗan. Saƙon mai nono ne ya yi min ciwo. Na ce ashe har na zama wanda 'yata za ta ji tsoro ta yi wa ƙarya."

Ta fashe da kuka sosai. Ya ɗora tafinsa mai zafin zazzaɓi a kanta.

"Ya isa. Na yafe, duniya da lahira. Kai ma na bakin ƙofa, shigo, na ji numfashinka. Ka riƙe keken, amma in za ku sake hawa, ku biyo ta nan tukuna ku ci abinci."

Mahbub ya shigo ya durƙusa, yana ta godiya.

Zinnira ta ɗago jajayen idanunta.

"Baffa, in roƙi abu ɗaya?"

"Ina jin ki."

"Gwaggo ta ce ka kira ni a bakin rafi. Kowa ya ji, ni kaɗai ce ban ji ba."

Kunya ta kama tsohon kamar yaro, ya juyar da fuskarsa wajen bango, ya ja bargo har kafaɗa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ludayin Gwaggo daga tsakar gida. Har ta fid da rai, ta fara tattara mayafinta za ta tashi.

Can, da 'yar muryar da ta rage masa, fuskarsa na kallon bango, ya ce, "Zinnira."

"Na'am, Baffa," ta ce. "Na iso."