Minti Biyar na Iska

Ƙarfe takwas na safiyar Litinin aka kira Sufeto Tjark Oltmanns, ko kofinsa bai shanye ba. An sace wani tsohon goge daga shagon gyaran kayan kiɗa, hawa na huɗu, a wani benen ofisoshi a Bremen.

Ba a fasa ƙofa ba. Mutum uku ke da makulli: Frauke mai shagon, Danuta mai shara, sai tsoho Ewald mai kula da ginin.

"Ita ce," in ji Frauke, ta nuna Danuta da haɓa. "Yau za ta bar aiki, in ma ba a ɗaure ta ba."

"Yallaɓai, tun Alhamis rabona da nan," in ji Danuta, tana murza yatsu. Can ta ce a'a, Juma'a ce. Tsoro ne ya sa ta faɗi haka.

Sufeto ya kasa zama. Ɗakin ya toshe, sai warin fenti da danƙo. Ya kai hannu ga taga.

"Kar ka taɓa," in ji Frauke. "Sanyi yana tsaga katako. Shekara tara ba a buɗe ta ba."

A ƙasa ya sami Ewald yana goge ƙarfen ƙofa.

"Ina kake Asabar da Lahadi?"

"Gidan ƙanwata, ina cin kek ɗinta mai kama da bulo. Ka tambayi na'urarsu mana, tunda ta fi ni sanin ginin."

Sufeto ya bi shawarar. Bara aka saka wa kowane ɗaki na'urar da ke rage ɗumi idan ba kowa, don a rage ɓarnar makamashi. Injiniyar da ta saka su, Maren, ta buɗe masa kwamfuta.

"Da an buɗe taga, sai ta yanke zafin, ta rubuta lokacin. Ga shagon: Lahadi, tara da arba'in na safe. Minti biyar cif."

"Ɓarawo ya tsaya shan iska?"

Maren ta yi dariya. "Duba farfajiyoyi. Kullum da safe ana buɗe tagoginsu, hawa bayan hawa, minti biyar-biyar. Na yi wa Ewald magana har na gaji."

Sufeto ya kira Ewald shagon, gaban Frauke da Danuta, ya rufe ƙofa, ya yi ta juya takardu. Tsohon ya goge wuya. Ya yi tari. Can ya miƙe kamar wanda aka ja da igiya, ya wangale tagar, ya dubi agogonsa.

"Haka ka yi ran Lahadi?"

Hannun Ewald ya tsaya a kan mariƙin.

"Ɗakin yana wari," ya ce a hankali. "Mutum ba ya barin ɗaki haka. Shekara talatin da ɗaya ina hura wa ginin nan wuta, yanzu masu ginin sun ce ƙarshen wata in tafi, na'ura ta isa. Na so su ga cewa ba ta gadi. Gogen yana ƙasa, na naɗe shi a bargo."

"Da ka bari an kori Danuta?"

Ewald bai iya duban inda take ba. Frauke ta mayar wa Danuta makullin da ta karɓe mata, idonta a ƙasa.

Sufeto ya kama hannun tsohon suka nufi ƙofa. A bakin ƙofar Ewald ya sake duban agogo, ya waiwaya.

"Wani ya rufe tagar nan. Minti biyar ya cika."