Dutsen da Aka Wanke da Sabulu

Wanda ya fara tantance baƙin dutsen da ke faɗowa daga sama a wannan ɗakin bincike shi ne Farfesa, a shekarar da aka buɗe ɗakin. Shi ya kafa dokar da ake bi har yau: irin wannan dutse mai gawayi a jiki, wanda ake tsinta a sahara, ba a taɓa shi sai da safar hannu, ruwa kuwa ba ya kusantarsa, domin da gishiri da ɗanshin da ya zo da su ake gane danginsa.

Da Farfesa ya yi ritaya, 'yarsa ta gaji kujerarsa da zartonsa na yanka dutse. Wata rana, bayanta ya ƙage, idanunta sun yi ja don leƙen madubin ƙara girman abu, sai ga wani direba mai kai masu bincike sahara ya shigo, ya zaro dutse daga aljihu.

"Na ga bai dace in kawo miki shi da datti ba, Malama. Sai da na wanke shi tas."

"Da me?"

"Da sabulu mai ƙamshi."

Ta dafe kai. Faɗa ta yi niyya, dariya ta ƙwace mata. Daga ranar ta raɗa masa Mai Wanki, shi kuma yake kiranta Zartona.

"Zartona, kin ci abinci, ko har yanzu kina leƙen dutse?" in ji saƙonsa.

"Ɓarnarka nake leƙe, Mai Wanki. Amma ka zo gobe."

Da maganar aure ta taso, Farfesa ya kafe.

"Tun da na kafa ɗakin nan ba a taɓa wanke dutse ba. Wanda bai iya riƙon dutse ba, yaya zai riƙe mini 'ya?"

"Kai kofi nawa ka fasa mini, na zauna da kai?" in ji mahaifiyarta.

Farfesa yana da wani tsohon ɗalibinsa, mai tsafta da ladabi, shi yake so. Ya ce wa 'yarsa in wata ya ƙare ta ba ɗalibin amsa.

Ana cikin haka direban ya ɓace, wayarsa ba ta shiga.

"Kunya ce ta kore shi," in ji ɗalibin, yana gyara safarsa. "Irinsu ba sa dawowa."

Ta gaji da jira, ta gaji da kare shi a gida da wurin aiki. Ta rubuta: "Idan ka fasa, ka faɗa mini. Wallahi na gaji."

Watan na gab da ƙarewa, tana kwance a ɗaki, amsa ta shigo: "Ban fasa ba, Zartona. Ina falon Baba."

Ta tarar da shi durƙushe, ya rame, leɓɓansa duk sun tsage. Ashe komawa ya yi inda ya tsinci na farko, yana neman sauran gutsattsarin. Ga su nan, kowanne naɗe a takardar alminiyam, an ɗauke shi da awartaki, da hoton inda ya kwanta.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ko numfashi ban yi musu ba."

"Wa ya koya maka?"

"'Yarka, cikin faɗa."

Farfesa ya sa safa, ya daɗe yana juya gutsure ɗaya.

"Na ga masu kuskure da yawa. Wanda ya koma sahara don ya gyara nasa, ban taɓa gani ba." Ya dubi 'yarsa, sannan ya juya ga direban. "Turo magabatanka, yaro. Allah ya yi muku albarka."

Abin da aka samu shi ne wannan: ita ta yanka ɗaya daga cikin sababbin gutsattsarin, ta gane danginsa, ɗakin bincike ya adana rabonsa. Farfesa ya riƙe dokarsa, ya ƙaru da suruki. Amarya ta sami barci. Wankakken dutsen kuwa, da ba ya da sauran amfani ga ilimi, yana kan teburin ɗakinta, ta hana kowa taɓa shi, ko da safa.