Idon Salma

"Ajiye kwalbar nan, Rahama."

Rahama ta ɗago da sirinjin auna magani a hannu, ɗiyarta Salma 'yar wata uku tana kan cinyarta. Mijinta Maccido ne a bakin ƙofa, a bayansa kuma mahaifiyarsa Inna Hindu, wadda ta iso Ƙaura daga Zurmi da hantsi.

"Lokacin maganinta ya yi..."

"Maganin hawan jini?" Inna ta katse ta. "Irin wanda ni tsohuwa nake sha, shi kike ɗura wa jinjira? Ga wanzami can zaure. Ya tsaga abin, mugun jini ya fita, a huta."

Rahama ta dubi jan kumburin da ke fatar idon Salma. Kamar cizon sauro ya fara, yanzu ya kusa rufe idon. Likitar da suka gani a Gusau ta ce jijiyoyin jini ne suka cunkushe a wurin, maganin kuma zai sa su motse. Sai da ta auna bugun zuciyar yarinyar sannan ta rubuta shi.

"Abban Salma, a gabanka likita ta yi bayani," in ji Rahama. "In aka tsaga, jinin ba zai tsaya ba."

"Inna ce fa, Rahama..."

"Ban ƙi Inna ba. Amma sai dai a fara tsaga ni."

Ta ƙanƙame ɗiyarta. Maccido ya dube su, sannan ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ki gafarce ni. Ban taɓa yi miki musu ba, amma yau zan sallami wanzamin nan."

Inna ta miƙe. Ta ɗauki mayafinta, ko ruwa ba ta sha ba ta koma tasha.

Maccido ya dawo ido jawur, ya zauna kusa da matarsa.

"Ba ta maganin, Rahamata. Ni zan riƙe kanta."

Wata biyu Inna ba ta ɗaga wayarsu ba. Kumburin kuwa ya yi laushi, ya koɗe, ya fara sauka.

Ranar wata Juma'a suka tafi Zurmi. Inna na tsintar wake, ta amsa gaisuwa a daƙile. Rahama ta kwance goyo ta ɗora mata a cinya.

Salma ta buɗe idanu biyu tar, ta kama yatsan kakarta.

Inna ta ƙura mata ido.

"Ashe idon kakanta marigayi Malam ta ɗauko..." Ta share hawaye da gefen zane. "Rahama, matso kusa, ɗiyata. Nuna mini yadda ake auna maganin."