Ramuka Huɗu a Ƙofar Auta

Da hantsi wani kafinta ya shigo ofishin 'yan sanda ya ce an kashe masa ɗa. Ya ce a lungun bayan gidansa ya tsinci gawar, kuma masu sayar da ƙwaya na bakin kasuwa yake zargi.

Sufeto ya bi shi gida. Yaron na kwance a tsakar gida, an lulluɓe shi da zane. Shekararsa sha shida, Auta ake ce masa. Sufeto ya ɗaga zanen. Kwana biyu ana ruwa, lungun duk taɓo ne, amma tafin ƙafar yaron fes yake, haka rigarsa.

"Wa ya wanke shi?"

"Ba wanda ya taɓa shi, Yallaɓai."

Uwar yaron ta ce kwana uku ke nan Auta bai kwana a gida ba. Tana faɗa, idonta na kan wata koriyar ƙofa a kusurwa. Sufeto ya je ya shafa ƙofar. Ta waje akwai ramuka huɗu, an cike su da garin katako da gam. Ya danna yatsa, gam ɗin bai bushe ba.

A cikin ɗakin an toshe taga da katako. Ga bokiti, ga kwanon abinci ba a taɓa ba. Daga ƙasan ƙofar an kankare fenti, layi-layi. Sufeto ya fito ya duba hannun gawar. Akwai koren fenti a ƙarƙashin farce.

Uwar ta zauna a ƙasa.

Bayan azahar likita ya ba da rahoto. Babu alamar duka. Yaron ya daɗe yana shan ƙwaya, aka yanke masa ita lokaci guda, jijjiga ta kama shi, amai ya shaƙe shi. Da an kai shi asibiti, da ya rayu.

Sufeto ya sami kafintan a shago, zaune gaban teburin aiki, ba ya aikin komai. Sufeto ya buɗe akwatin kayan aikin kafintan, ya zaro sabuwar sakata mai ramukan kusa huɗu, ya ajiye a gabansa.

"Baba, aikinka yana da kyau. Gam ne ya ci amanarka."

Kafintan ya daɗe yana kallon sakatar. Sannan ya yi bayani, murya ƙasa-ƙasa. Wata huɗu da suka wuce ya ga ƙwayoyi a aljihun yaron, ya zubar, bai ce masa uffan ba. Ya sake gani, ya sake zubarwa. Uwar ta roƙe shi ya zaunar da yaron, ya ce gobe. Shi a gidansu uba ba ya hira da ɗa, aike ne kawai da tsawa. Da abin ya ishe shi, ya ɗauko kayan aiki ya kulle Auta, don jikinsa ya manta da ƙwayar.

"Bai kira ka ba?"

"Ya kira. Rana ta biyu ya ce, 'Baba, buɗe mu yi magana, zan faɗa maka komai.'"

"Ka ce me?"

"Ina tsaye a bayan ƙofar, ina jin numfashinsa. Na rasa ta inda zan fara. Sai na koma shago." Ya shafa fuskarsa. "Yanzu ko guduma na ɗaga, bugun ƙofar nan nake ji."

Sufeto ya hana kofur ɗin da ke tare da shi sa masa ankwa. Kafintan ya rufe shagonsa da kansa, ya shiga bayan mota. Kafin a tashi ya juyo.

"Yallaɓai, kana da 'ya'ya?"

"Uku."

"Kai me kake ce musu?"

Sufeto ya ce wa direba su tafi.