Muryar da Muhibba Ta Tura

A motar haya suka haɗu, irin waɗanda ke kwasar ma'aikata daga Kuje zuwa cikin gari da safe. Muhibba na zaune a baya an matse ta da ƙofa, ga cunkoso tun kafin a hau titin filin jirgi. A rediyo ana ta musu kan tura sakamakon zaɓe ta na'ura, nan da nan musun ya sauko cikin motar.

Wani dattijo a gaba ya ce na'ura ba ta ƙarya. Wata mata ta ce ai mutum ne ke riƙe da na'urar. Saurayin da ke kusa da Muhibba, dogo baƙi mai ɗan gemu, ya gyara zama ya fara bayani a natse: yadda sakamako ke tashi daga rumfa, inda sabis ke yankewa, inda hannun mutum zai iya shiga. Yana yi yana haɗawa da Turanci saboda matar ba ta jin Hausa sosai, har ya zo inda ya ce, "The feople must see it pirst."

Dariya ta kuɓuce wa Muhibba. Gyaran Turanci ne aikinta a sashen yaɗa labarai na wata hukumar tarayya, kuma bakinta ya saba.

"People," ta ce. "Da first. Ka yi musu musanya."

Ya juyo ya dube ta, babu alamar fushi.

"Amma kin gane abin da nake nufi?"

"Na gane."

"To alhamdu lillahi. Su waɗanda ke faɗinsa daidai a rediyo, kin gane nasu?"

Motar ta kwashe da dariya, har da direba. Muhibba ta kau da kai tana kallon titi, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Da saurayin zai sauka ya ce, "Sunana Rilwanu. Malama, a taimaka da lamba, ina neman darasi." Ita kanta ta yi mamakin yadda ta karanto masa.

Ɗan Karshi ne, ya karanci kwamfuta a kwalejin fasaha, yana da ɗan ofis kusa da kasuwar Gudu inda yake sa wa shaguna intanet da kyamarar tsaro. Kuma ba ya iya kama bakinsa a kan siyasa. Akwai wata cibiyar koyar da kwamfuta da wani Onarabul ya yi bikin buɗewa a yankinsu, aka kulle ta washegari. Duk mako sai Rilwanu ya ɗauki hotonta da awaki kwance a baranda ya sa a shafinsa.

Soyayyarsu da musu ta ginu. Ta ce "flash me" ba Turanci ba ne, ya ce to ta kira Ingila ta kai ƙara. Ta ce ba a cewa "off the light", ya ce shi dai duk lokacin da ya faɗa ana kashewa.

"Malamata, yau maki nawa na ci?" zai rubuto mata.

"A Turanci ka faɗi. A sauran darussan kai ne na ɗaya."

"Waɗanne ne sauran?"

"Ba a faɗa wa ɗalibi, Injiniyana. Kansa zai kumbura."

A gida kuwa ta san abin da ke jiranta. Abbanta, Alhaji Abdulmajeed, darakta ne mai ritaya da ya fara aiki da koyar da Turanci, har yau da jan biro yake karanta jarida. Kowace yamma yana baranda suna musun siyasa da nahawu shi da Musbahu, ɗan amininsa, mai kula da shafukan wannan Onarabul ɗin a intanet. Musbahu ya daɗe yana son Muhibba, Abba kuma ya daɗe da ba shi ita a zuciyarsa. Mamanta Rekiya 'yar Okene ce, a gidan aure ta koyi Hausa, har yau tana mai da mace namiji. In an yi taro gwaggonnin Muhibba kan kwaikwayi maganarta, "yarinya na ya dawo", a yi ta dariya. Mama kan yi murmushi ta shige kicin.

Ana gobe Rilwanu zai zo gaida Abba, ya turo mata saƙon murya a WhatsApp.

"Hibba, kin ce Baba da Turanci yake gwada mutum. Ga abin da na shirya, ki gyara min." Ya yi gyaran murya. "Good apternoon sir. I am here por the sake op your daughter. I fromise to frotect her." Sannan ya ce, "Wallahi gabana faɗuwa yake. Ke kaɗai zan iya yi wa wannan."

Ta saurara har idonta ya kawo ruwa don tausayi da so. Ta sake saurara, sai dariya ta zo. Ba ta yi dogon tunani ba ta tura wa Kauthar, 'yar gwaggonta, ta jera fuskokin dariya ta rubuta: "Ji Baturena. Cikina zai fashe."

Ziyarar ba ta yi daɗi ba. Muhibba na bayan labule tana jin komai. Rilwanu ya durƙusa ya yi gaisuwa da Hausa, Abba ya amsa da Turanci, ya ce ya faɗi purpose ɗin zuwansa.

"My furfose, sir..."

"Again," in ji Abba.

Ya sake.

"Again."

Musbahu, da aka bari ya zauna kamar ɗan gida, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Abba ya sa Rilwanu ya yi ta maimaita kalmar har muryarsa ta dusashe, sannan ya ɗauki jaridarsa ya ce zai yi tunani. Ko lemon da Mama ta kawo Rilwanu bai taɓa ba.

Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya rubuto mata da yamma shi ne: "Kada ki damu, Malamata. Na faɗi jarrabawa, amma ban bar makaranta ba."

Ba a rufa mako ba wani bidiyo ya fito a intanet. An ɗora muryar Rilwanu kan kiɗa, ana maimaita "por the sake, por the sake", ga hotonsa yana tsalle, ga hoton saƙon Muhibba da sunanta da fuskokin dariyarta. A ƙasa an rubuta: "Ga mai son koya wa Onarabul aiki. Ko budurwarsa dariya take masa." Kauthar ce ta tura wa Musbahu, shi kuma ya san inda ake kai irin wannan kaya.

A ofis Muhibba ta fara jin sa, daga wayar wata abokiyar aikinta da ba ta lura da sunan ba. Kafin azahar 'yan mata sun fara rawa da shi. Ta kira Rilwanu, ba ya ɗauka. Can sai ga saƙo:

"Da murya ce kaɗai, da na ce sace ta aka yi. Na ga abin da kika rubuta. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta bar ofis ta tafi Gudu. Tun daga bakin kasuwa take jin masu shaguna na rera abin, wani ma ya sa a lasifika. Ta same shi zaune a ofis ƙofa a rufe, yana naɗe waya a hannu yana warwarewa.

"Rilwanu, ba ni na ba Musbahu ba."

"Na sani. Ke kika rubuta 'Ji Baturena'?"

Ta so ta ce wasa ne, ta so ta ce ta yi hawaye kafin ta yi dariya. Ta ce, "Ni ce."

"Innata ta ji shi a gidan suna a Karshi. Ba ta jin Turanci, ta ɗauka yabona ake yi, har ta ce a sake kunna mata. Sai da wata ta fassara mata dalilin dariyar." Ya ajiye wayar. "Ranar da kika yi min dariya a mota, a gabana kika yi, shi ya sa na so ki. Wannan kuwa a bayana ne. Ki tafi gida, Muhibba."

Bai taɓa kiran cikakken sunanta ba sai ranar.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ofisoshin da suka yi masa alkawarin aiki suka daina ɗaga wayarsa. Duk abin da ya rubuta a kan cibiyar, amsa ɗaya ake jera masa a ƙasa, "por the sake", har ya rufe shafin. Muhibba ta rame. Ta daina magana da Kauthar, ta daina gyara wa kowa komai in ba a takardar ofis ba. Musbahu kuwa ya ci gaba da zuwa baranda, har ya ce mata ai taimakonta ya yi, ya nuna mata abin da za ta kwasa.

Wata Asabar bayan la'asar Abba ya kira ta falo, Mama na gefe tana tsince shinkafa. Ya ce iyayen Musbahu za su zo, ba zai haɗa zuri'a da abin dariyar gari ba.

"Abba, ni na mai da shi abin dariya," ta ce tana kuka. "Musbahu kuma ya sayar da shi."

"Musbahu ya yi rashin kyautawa, amma siyasa ce. Shi wancan ko sunan abin da ya kawo shi bai iya faɗa ba."

Mama ta ajiye faranti.

"Alhaji, yau ni zai yi magana."

Suka juyo, don ba ta saba ba.

"Tun da na shigo gidan nan, ƙannenka yana dariya na. Kai kana ji, kana dariya. Ni ina shiga kicin, kuna cewa ina murmushi." Ta dubi Muhibba. "Ke ma, yarinya da na haifa, kina dariya. Tun kina ƙarami. Ni na san abin da wannan yaro tana ji a ciki."

Muhibba ta ji kamar an zare mata ƙasa. Ta tuna sau nawa ta kwaikwayi wannan muryar don ta burge gwaggonninta.

"Ka ba Musbahu, ba zan hana ba," in ji Mama. "Amma ranar ni zan koma Okene, inda bakina daidai ne."

Abba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa har aka kira magariba. Daga ranar bai sake ta da maganar iyayen Musbahu ba.

Washegari Mama ta sa Muhibba a gaba suka tafi Karshi. Muhibba ta durƙusa gaban Innar Rilwanu, wata 'yar tsohuwa mai fara'a da ke sussukar masara a tsakar gida, ta faɗi abin da ta yi ba ragi. Inna ta ajiye masarar da ke hannunta.

"Kin ji min ciwo, 'yar nan," ta ce. "Amma kin zo da ƙafarki. Je ki, yana bayan gida wajen mangwaro. In ya yafe, na yafe."

Ta same shi tsaye. Bai juyo ba.

"Ban zo in ce ka manta ba," ta ce. "Na zo in ce ina son ka, kuma na ci amanar abin da ka ba ni ni kaɗai. In ka kore ni yau, gobe zan dawo."

"Motar Karshi da wahala."

"Zan saba."

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja, ya rame shi ma.

"Na yi ƙoƙarin in tsane ki, Hibba. Ban iya ba, kuma haushin hakan nake ji."

Ba a ranar ya yafe ba. Sai da ta koma, ta sake komawa, kafin wata safiya saƙo ya shigo wayarta: "Malamata, ki gaya wa Mama kawunnena za su zo."

Aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu a Kuje. Gwaggonni biyu ba su zo ba, Musbahu ma haka. Da aka kai amarya gaban Abba don sallama, aka shigo da ango, kowa ya yi tsit ana jiran abin da zai fito. Abba ya dubi Rilwanu, ya yi magana da Hausa, a hankali kamar mai ɗaga kaya mai nauyi.

"Na ba ka ita. Na kuma ƙware ka a ɗakin nan, ka yi haƙuri. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Mama ta kama hannayensu biyu ta haɗa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku yara mai tausayi."

Duk ɗakin aka amsa da amin, babu wanda ya ko murmusa.

A mota, kan hanyar Karshi, rana na shirin faɗuwa, Rilwanu ya leƙa ƙarƙashin mayafinta.

"Hibba, gara ki sani tun yanzu. Har yau in na shiga kasuwa ana yi. Za ki ji da kunnenki, kuma za su san ke ce."

Ta damƙe hannunsa da nata mai lalle.

"Su sani. Ranar Litinin tare za mu shiga, ta babbar ƙofa."

Allah ya bar su tare, ya sanya albarka a gidansu.